Daga Ikara Zuwa Hunkuyi da Jakar Farar Takarda

Da sanyin bana na raka wata ƙanwata, malamar firamare, zagayen wasu makarantu a Ikara da Maƙarfi da Kudan, inda ƙawayenta suke koyarwa. Guzurinmu bai wuce farar takarda da fensira masu launi da ta saya da kuɗin aljihunta ba. Muna barin Zariya ta ce mini, "Yaya, kai dai zuba ido naka. Kada ka gyara wa yaro komai."

Ikara ƙasar tumatir ce, har masana'antar sarrafa shi aka kafa a garin, kuma tun daga hanya muke cin karo da motoci shaƙe da kwanduna. A aji biyun da muka shiga, allo cike yake da insha'in Turanci kan "babban abokina", yara suna kwafa. Na leƙa littattafai, sai na ga duk ajin abokinsu ɗaya, shekarunsa ɗaya, abincin da yake so ma ɗaya. Ƙanwata ta nemi izinin malamar ajin, ta raba takardu, ta ce kowa ya zana abin da ya same shi a makon nan. Aka yi tsit. Can wani ya ɗaga hannu: "Malama, wanne za mu kalla mu yi?" Wannan tambaya ta dame ni fiye da rashin kujeru. Yaron da zai cika maka kunne da labari a dandali, ya shigo aji ya ɗauka ba shi da abin cewa sai wanda aka rubuta masa.

A Tashar Yari, kan babban titin Zariya zuwa Kano, muka karya muka nufi Maƙarfi. Nan kuwa rake ne ko'ina, a gona, a amalanke, a bakin kowane yaro. Nan kuma na ga aikin da idona tun daga farko har ƙarshe. Wata yarinya, ba za ta wuce shekara bakwai ba, ta zana doki yana zagaya injin matse rake, ga tukunya da hayaƙi, ga wani mutum da hannu ɗaya ya fi ɗayan girma nesa ba kusa ba. Da ni ne sai in ce ba ta iya zana hannu ba. Ƙanwata ta durƙusa daidai tsawonta ta ce, "'Yata, ba ni labarin wannan." Ashe babanta ne, ruwan mazarƙwaila ya fallatsar masa, hannun ya kumbura, ita ce ma ta kai masa tuwo bukka. Ƙanwata ta rubuta maganar a ƙasan zanen da manyan baƙaƙe, yadda yarinyar ta faɗe ta, ba ƙari ba ragi. Sai ta bi kalmomin da yatsa suna karantawa tare, sannan ta ce ta kwafi layin farko da hannunta. Yarinyar da aka ce ba ta iya karatu ba ta karanta layi uku ba gargada, domin ta san abin da ke ciki kafin ta gan shi a takarda.

Sirrin ke nan, kuma ba ya bukatar kwamfuta. Zane ke riƙe wa yaro labarinsa kafin hannunsa ya iya baƙaƙe. Ɗan Bahaushe ma ba baƙon alƙalami ba ne: yana wanke allo yana zuba tawada tun kafin ya shiga boko, kuma yana ganin zayyanar da ake yi wa allon mai sauka. Abin da bai saba gani ba shi ne maganarsa ta kansa a rubuce.

A mota muka yi ta muhawara. Na ce ai laifin malamai ne, na tuna mata jarrabawar da gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi musu a 2017, inda aka ce sama da 21,000 sun faɗi. Ta ce ko an canza malami, in aka ba shi yara sun fi ɗari da alli guda, kwafa zai sa su yi, don ita ce kaɗai hanyar da aji zai yi shiru. Ta fi ni gaskiya. Dabararta ita ce ta ɗauki yara kaɗan kowace rana ta rubuta musu, sauran kuwa kowa ya ba na kusa da shi labarin zanensa, har layi ya zagayo.

A Kudan muka ƙare, a wani ƙauye kafin Hunkuyi, hedikwatar ƙaramar hukumar. Takardarmu ta kusa ƙarewa, sai malamin ajin ya kawo kwalaye daga shago aka yayyanka. Wani yaro ya cika nasa da babura da mutane suna gudu, ya ƙi cewa uffan. Ba wanda ya matsa masa. Ƙanwata ta ce masa ya yi ƙoƙari, ta tambaye shi ko a liƙa a bango ko ya tafi da shi gida, ya zaɓi gida. Daga baya ta ja malamin gefe ta ce ya sa ido a kansa, ya kuma gana da iyayensa cikin sirri. Ba kowane labari ake karanta wa aji ba.

Da muka shigo Zariya da magariba sai abin ya ba ni takaici. A garin nan aka shirya gasar rubuta littattafai ta 1933 da ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, a nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, amma tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga nan, yaro yana gama firamare bai taɓa rubuta layi ɗaya na kansa da Hausa ba.

Mai karatu, in kana da ɗa ko jika a aji ɗaya zuwa uku, ba sai ka jira hukumar ilimi ba. Ba shi bayan tsohuwar kalanda da fensir, ka ce ya zana abin da ya gani yau, ka tambaye shi labarin, ka rubuta masa yadda ya faɗa, ka sa kwanan wata.