Miyango: Inda Matan Zumunta Suka Sauke Kaya

Mai zuwa Jos daga Zariya a watan Disamba abu biyu ake ce masa ya tanada, rigar sanyi da haƙurin hanya. Mu matan zumunta mun ƙara da kayan kiɗa. Caki da kuge an cusa su ƙarƙashin kujeru, amma tulunan kiɗa ba a yarda an ɗaure su a saman bas ba. An naɗe kowanne da tsohon zane, masu bugawa suka rungume abinsu a cinya har muka isa. Taron keɓewa na ƙarshen shekara za mu, wanda matan ikilisiyoyi daga gundumomi daban-daban suka shirya a Miyango, domin addu'a da hutu da ganin juna.

Mun bi ta Pambeguwa. A Saminaka, inda buhunan masara ke jibge bakin titi ana loda wa manyan motoci, direbanmu ya nemi izini ya sauka ya yi azahar, mu kuma muka sayi rake da gyaɗa muna jiransa. A wani shinge soja ya leƙo ta taga, ya ga mata cike da mota da Littafi Mai Tsarki a hannu.

"Mama, ina zuwa haka?"

Mama Shugaba ta ce, "Taron addu'a, ɗana."

"To, ku sa mu a ciki."

Daga Jengre hanya ta fara hawa. Duwatsu suka fito, wani bisa wani, iska ta sauya, kowa ta laluba jaka neman suwaita. Jos tana bisa tudun da ya haura mita 1,200, shi ya sa hunturunta ba irin na Zazzau ba ne. Muka ratsa gari, muka wuce kududdufan da haƙar kuza ta bari, muka kama hanyar Miyango a ƙaramar hukumar Bassa, ƙasar Irigwe. An riga an girbe acca. Gidaje da gonaki kewaye da shingen ƙyarana, can nesa kuma ga tuddan da masana suka ce tsofaffin duwatsu ne masu aman wuta da suka daɗe da mutuwa.

Masaukin da muka sauka 'yan mishan na SIM ne suka gina shi fiye da shekara ɗari da suka wuce, don ma'aikatansu da zafi da zazzaɓi suka galabaitar su hau tudu su warware gajiya, maimakon su kama doguwar hanyar teku zuwa gida. Suna da dalili. Mutum uku ne suka fara aikin SIM, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas a 1893. Kafin 1894 ta ƙare ciwo ya kashe Gowans da Kent, Bingham kaɗai ya rage. Makarantar Kent Academy da ke maƙwabtaka da masaukin sunan ɗaya daga cikin mamatan nan biyu ta ci. Daga wannan aiki ne ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Wurin da aka yi domin Turawa masu gajiya, yau mu ne muke shiga da jakunkunanmu da tamu gajiyar.

Mun zaci daren farko za a buɗe da dogon wa'azi. Mai jawabin, wata dattijuwar matar fasto da kowa ke kira Mama Fasto, ta tashi ba ta ko buɗe littafi ba. Ta tuna mana labarin annabi Iliya a Littafin Sarakuna na Ɗaya, sura 19, lokacin da ya gudu jeji ya kwanta gindin itace yana roƙon mutuwa. Ta ce mu lura, ba tsawa aka fara yi masa ba, ba kuma koyarwa ba. Mala'ika ya tashe shi ya ba shi abinci da ruwa, ya koma barci, aka sake tashinsa ya ci, sai daga baya Allah ya yi magana da shi.

Ta ce, "'Ya'yana, a cikinku akwai wadda rabonta da cin abincin da ba ita ta dafa ba tun bikin aurenta. Ku je ku ci, ku kwanta. Gobe ma rana ce."

Aka yi dariya, amma na ga masu share ido da bakin ɗankwali.

Rabon ɗakuna ma da dabara aka yi shi. An hana kowa kwana da 'yar garinsu. A ɗakinmu akwai 'yar Irigwe, da 'yar Bajju daga kudancin Kaduna, da 'yar Tangale daga Gombe, da wata Bahausa daga wani ƙauyen Katsina wadda kakanninta suka karɓi bishara. Kowa da harshen da take yi wa 'ya'yanta faɗa da shi, amma da aka durƙusa addu'a Hausa ce ta haɗa mu. Haka abin yake a yawancin majami'un Arewa tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dakta Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya da Wusasa, ya ba da ƙarfinsa a kai. Baƙuwa daga kowace ƙabila tana iya buɗe Littafin Waƙoƙi, a kira lamba, ta shiga sahu.

Tsarin yini ba shi da wuya. Da asuba, cikin sanyi mai sa haƙora kaɗawa, a yi sujada. Bayan karin kumallo sai sa'a guda ta shiru: ba waya, ba hira, kowa ta nemi gindin itace ko kan dutse da littafinta. Ni a wannan sa'a na taka zuwa maƙabartar 'yan mishan. Abin da ya tsayar da ni ƙananan kaburbura ne, na jarirai da yara, wasu ranar haihuwa da ranar rasuwa duk cikin shekara ɗaya. Uwayensu sun binne su a nan, washegari suka koma bakin aiki. Na daɗe ina tunanin wa ya zauna kusa da su a daren.

Da hantsi ake rabuwa ƙungiya-ƙungiya don nazari da ba da shaida. A nan ne taron ya nuna amfaninsa. Ƙasar Irigwe ta sha hare-hare a shekarun nan, an rasa rayuka da gidaje da amfanin gona, kuma ba a ɓoye wannan ba. Abokiyar ɗakina 'yar Irigwe, wadda tun zuwanmu ba ta cika magana ba, ta miƙe. Ta ce maigidanta gona ya tafi bai dawo ba. Ta ce kullum tana yin Addu'ar Ubangiji, amma in ta kai wurin gafarta wa masu laifi sai ta rufe baki, ta bar sauran jama'a su wuce, sannan ta kama daga gaba.

Ɗakin ya yi tsit. Babu wadda ta jawo mata aya. Sai wata tsohuwa da ta baro Mubi da ƙafa a 2014, lokacin da Boko Haram suka kama garin, ta ja kujerarta ta matsa kusa da ita, ta kama hannunta.

Ta ce, "'Yata, ni ma ban gama ba. Wata rana ina iyawa, wata rana ba na iyawa. Ranar da kika kasa faɗa, ni zan faɗa a madadinki. Ranar da na kasa, ke ki faɗa mini."

Ba a ƙara komai a kai ba. Aka yi addu'a, aka tashi cin abinci. A ranar gwate aka dafa, na acca da ganye da yalo, mai ɗan tsami, su biyun kuma kwano ɗaya suka sa a gaba. A ganina abin da ake kira sabuntawar ruhu ke nan a aikace: mace ta sami wurin da za ta faɗi gaskiyar zuciyarta ba a yi mata kallon mai ƙarancin bangaskiya ba, ta kuma sami wadda za ta kama mata gefen kayan.

Da dare kuwa sai kiɗa. Aka warware tuluna daga zannuwa, kowa ta ɗaura zanen zumunta, mai ba da waƙa ta ɗaga murya, ɗaruruwan mata suka amsa. Tulu yana gurnani daga ƙasa, kuge yana yanka ta sama, caki yana cike tsakani. Matan Filato suka koya mana takunsu, mu ma muka nuna namu, Mama Ma'aji da ke kukan ciwon gwiwa tun daga Zariya ta manta da gwiwar. Wanda bai san abin da aka faɗa da hantsi ba zai ce matan nan ba su san baƙin ciki ba.

Ranar rufewa fasto ya zo ya ba da Jibin Ubangiji. Kafin a miƙa gurasa aka ba da lokaci duk mai riƙe da 'yar'uwarta a zuciya ta je ta same ta. Kujeru suka yi ta motsi, har da wasu biyu daga motarmu da suka shekara suna gaisuwar fatar baki. Bayan haka aka haɗa kowa da abokiyar addu'a daga wani gari, aka yi musayar lambar waya, aka tara baiko domin gwauraye na ƙauyukan da ke kewaye, a saya musu taki da iri kafin damina.

Wurin shawarar yadda za a kai kason gundumarmu, wata matashiya ta ce ai abu ne mai sauƙi, in an kammala tarawa a Zariya sai a tura ta banki. Mama Shugaba ta girgiza kai.

"A'a, 'yata. Kuɗi zai isa, amma ba zai zauna a tabarma ya tambayi lafiyar yara ba. Zumunta a ƙafa take. Magatakarda, rubuta: kafin ruwan fari, mu da kanmu za mu kai."

Magatakarda ta rubuta, ta ce masu zuwa su ɗaga hannu. Hannuwan suka fi kujerun mota yawa, aka koma gardamar wa za ta haƙura.