Abin da Tsohon Tela Ya Koya Mini

A garinmu in aka ga dattijo yana gudu, ɗayan uku ake zato: ko gobara ta tashi a gidansa, ko wani abu ya biyo shi, ko kuwa hankalinsa ya taɓu. Haka muka tashi muka tarar. Dattijo a hankali yake tafiya, da babbar rigarsa, yara suna durƙusawa suna gaishe shi. Ni ma da wannan ra'ayi na zauna har na cika shekara 61 a duniya, watau cikin 2021, ran da likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, sukari kuma ya fara yawa. Ya ce, "Malam, zan ba ka magani, amma magani kaɗai ba zai ishe ka ba, sai ka riƙa motsa jiki." Gaskiyarsa ce, don shekara 35 na yi ina aikin akawu, daga kujerar ofis sai tabarmar ƙofar gida.

Akwai wani maƙwabcina, tsohon soja, Saje muke kiransa. Shi ya kafa wata 'yar ƙungiya ta dattawa masu gudun dogon zango. Mu 14 ne yanzu. Akwai manomi, akwai direba, akwai malamin makaranta da ya huta, akwai mai sayar da hatsi. Sau uku a mako ake taruwa bayan sallar asuba, a filin wata makaranta da ke bakin gari. Kowa yana ba da ɗan abin da aka yanka kowane wata, ana sayen ruwa da maganin ciwo. Akwai kuma babban littafi, inda ake rubuta sunan kowa da shekarunsa da lokacin da ya yi. Sau ɗaya a shekara, da hunturu, akan yi tsere na kilomita 10, wanda ya ci a ba shi ƙwaryar goro.

Da na gaya wa uwargida zan shiga, sai ta riƙe baki. Ta ce, "Haba Malam, da furfurarka? In surukanka suka gan ka fa?" Ni kaina kunya ta fi ciwon damuna. Wata guda cur ina fita da babbar riga a kan kayan gudu, sai na isa fili in tuɓe in rataya a reshen darbejiya. Saje kuwa bai bar ni na yi gudu ba sam, sai tafiya da sauri, har mako 6. Daga nan ya ce in yi gudu minti 1, in yi tafiya minti 2. A raina na ce wannan ai wasan yara ne, ni da a makaranta ba wanda ke riga ni zuwa bakin rafi.

To, bari in bayyana maka yadda ake tseren tsofaffi, don labarina a kansa ya rataya. Ba a gwada ɗan shekara 70 da ɗan shekara 25. A ƙa'idar da duniya ke bi, wanda ya kai shekara 35 ya shiga sahun manya, sa'an nan a raba su aji aji, kowane aji shekara 5: daga 60 zuwa 64 aji ɗaya, daga 65 zuwa 69 wani, har sama. An fara babban taron irin waɗannan 'yan wasa na duniya a birnin Toronto ta ƙasar Kanada cikin 1975. Mu da yake ba mu da yawa, aji uku muka yi: 'yan hamsin, 'yan sittin, da waɗanda suka haura saba'in. Tare ake tashi, amma kowa da ajinsa ake lissafa shi. Ka ga ke nan duk abin ya tsaya a kan sanin shekarun mutum.

A ajin 'yan saba'in akwai wani siririn tsoho, tela ne a bakin kasuwa, kowa Baba Tela yake ce masa. Gudunsa ba ya ba da sha'awa. Takunsa gajere, ƙafarsa da ƙyar take rabuwa da ƙasa, kamar mai tsoron ya ta da barci. Kullum shi ne a baya in an tashi. Ban taɓa sa shi cikin lissafina ba.

Ran tserena na fari, cikin watan Janairu na 1923 da ƙari ɗari, watau 2023, sanyi ya yi sanyi, hazo ya rufe gari. Jikokina biyu suka zo kallo. Saje na busa usur sai na zabura kamar an sako doki. Na wuce direba, na wuce manomi, na ji yara suna tafi, zuciyata ta yi fari. Kafin mu kai gadar da ake juyowa, watau rabin hanya, sai ƙirjina ya soma zafi kamar an zuba barkono. Maƙogwaro ya bushe, ƙafafu suka zama na wani. A wajen kilomita 6 na tsaya, na dafa gwiwa ina haki. Can sai na ji taku a bayana, sif sif sif. Baba Tela ne, numfashinsa daidai, ko gumi bai yi sosai ba. Ya dube ni ya ce, "Sannu Malam. Kada ka zauna, taka a hankali har numfashi ya komo." Ya wuce abinsa. Shi ya gama cikin minti 62. Ni kuwa da tafiya na ƙarasa, awa 1 da minti 25, ni ne na ƙarshe, jikokina suna tsaye suna duban ƙasa.

A nan ne na yi abin da har yau in na tuna nake jin nauyi. Maimakon in yarda an fi ni, sai na ce a gaban jama'a tsohon nan bai kai shekarun da yake faɗi ba, ƙari ya yi don ya ci goro a ajin da ba kowa. Na ce in da gaske ne ya kawo takarda. Wuri ya yi tsit. Baba Tela bai ce uffan ba, ya ɗauki hularsa ya tafi. Mako biyu bai zo fili ba, har wasu suka soma cewa in ya bari su ma sun bari.

Da maraice Saje ya zo ƙofar gidana. Ya ce, "Malam, kai mai ilmi ne. Ka taɓa jin labarin Fauja Singh?" Na ce a'a. Sai ya ba ni labarin, daga baya ni ma na karanta na tabbatar. Mutumin ƙasar Indiya ne, manomi daga jihar Punjab, ya koma Ingila wurin ɗansa bayan ya tsufa. A gabashin Landan ya shiga cikin 'yan uwansa masu gudu, yana neman abin da zai rage masa baƙin cikin rasuwar matarsa da wani ɗansa. Yana da shekara 89 ya yi tseren Landan na 2000, irin wanda ake kira maratan, mai nisan kilomita 42 da mita 195. Cikin 2011 kuma ya gama irin wannan tsere a Toronto, ya yi awa 8 da ɗoriya a hanya, fasfonsa yana nuna shekararsa 100. Duk da haka masu littafin Guinness, inda ake rubuta abubuwan bajinta na duniya, ba su sa sunansa ba, don ba shi da takardar haihuwa, gama a ƙauyensu ba a rubuta haihuwa a 1911. Ya rasu cikin 2025, mota ta buge shi a ƙauyensu. Saje ya ce, "To, kai wa ya rubuta taka haihuwar?" Na yi shiru, don ni ma tsohuwata ce ta gaya mini an haife ni shekarar da aka sami mulkin kai, shi ya sa nake rubuta 1960.

Mai unguwarmu ne ya raba gardama. Ya ce tare aka yi musu kaciya da Baba Tela, a hunturun da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna aka yi mata hawan daba, watau 1956, kuma a lokacin kowannensu bai kasa shekara 7 ba. Aka yi lissafi, sai ga shi tsohon ya kai 74 ko yana gab da ita. Ashe ma rage wa kansa ya yi.

Na sayi goro na tafi shagonsa. Na durƙusa na ce, "Baba, na yi maka laifi, ka gafarta mini." Ya tsai da kekensa ya ce, "Tashi Malam, ya wuce. Gajiya ce ta yi magana da bakinka." Sa'an nan ya ce, "Ka san abin da ya kashe ka? Da ƙarfin shekara ashirin ka tashi, alhali jarin ɗan sittin gare ka. Ni in zan yanka yadi, sai na auna tukuna, don abin da almakashi ya ci ba ya komowa."

Daga ranar a bayansa nake gudu. Ya koya mini in riƙa tafiya da saurin da zan iya magana da na kusa da ni ba tare da numfashi ya yanke ba. Ya koya mini in bar kwana ɗaya tsakanin gudu da gudu, don jikin tsoho ya fi na yaro daɗewa kafin ya warware. Ya ce in sha ruwa ko ban ji ƙishirwa ba. Da na gaya wa likita, ya ce duk daidai ne. Ya ƙara mini da cewa iyakar bugun da zuciya ke iya yi yana raguwa da shekaru. A ƙiyasi akan ɗebe shekarun mutum daga 220, abin da ya rage shi ne wajen iyakarsa a minti ɗaya. Na ɗan shekara 20 ya kama 200 ke nan, nawa kuwa bai kai 160 ba. Wannan ne jarin da tela yake nufi.

Kada ka zaci sannu a hankali ba ta kai mutum nesa. Akwai wani Bature mai suna Ed Whitlock, haifaffen Ingila da ya zauna a Kanada. Duk shirinsa shi ne ya riƙa kewaya wata maƙabarta kusa da gidansa a hankali, awa biyu, awa uku. Cikin 2004, yana da shekara 73, ya gama maratan cikin awa 2 da minti 54 da 'yan daƙiƙoƙi. Cikin 2016 kuma, yana da 85, ya gama kafin awa 4 ta cika. Samari da yawa ba su iya wannan ba.

A tserena na biyu na yi awa 1 da minti 9, ban tsaya ko sau ɗaya ba. A na uku na yi awa 1 da minti 5, na zo na biyu a ajinmu. Har yanzu ban taɓa wuce Baba Tela ba, kuma mai yiwuwa ba zan sami dama ba, don gwiwa ta matsa masa, likita ya ce ya koma tafiya. Yanzu shi ke riƙe da agogo a bakin layi, ni kuwa aka ba ni littafi, tun da aikina ne tun asali. Jinina ya sauko, amma ban bar shan magani ba, don likita bai ce in bari ba. Uwargida da kanta take wanke mini kayan gudu, babbar riga kuwa a gida nake barinta.

In kana da niyya, ga abin da zan gaya maka. Ka fara zuwa asibiti a auna ka. Ka soma da tafiya. Da bazara kada ka bari rana ta tarar da kai a hanya, da azumi kuwa mu tafiya kaɗai muke yi. In ka ji ciwo a ƙirji ko jiri, tsaya nan take ka nemi likita, goro bai kai ran mutum ba. Ka nemi abokai, don wanda ake jira a fili ba ya komawa barci bayan asuba. In kuma aka yi maka haihuwa a gida, tun da ka iya rubutu, ɗauki alƙalami ka rubuta rana da wata da shekara, ka kai a yi wa yaron takarda. Wa ya sani, ko nan da shekara 70 wani mai zafin kai irina zai ce masa ya kawo ta.