Gammo Da Masu Biyu

Duk wanda ya tashi a gidanmu da ke Daura ya san labarin Baba Soja, ko da kuwa bai riske shi da rai ba. Kakanmu ne na wajen uba, kuma tun muna 'yan firamare ake faɗa mana cewa shi ya riƙe babbar bindiga a yaƙin Hitila, ya fatattaki Italiyawa a Habasha, ya wuce Bama ya hana Japanawa barci. Da wannan labari muke yi wa yaran unguwa kuri, in faɗa ya haɗa mu da su sai mu ce ku bi a hankali, mu jikokin mazan jiya ne.

Ni dai na riske shi tsoho tukuf, kullum yana zaune kan buzu a zaure, kuma ba ya iya waiwaye sai dai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya. Da ya hango ni sai ya ce, "Ga mai shirin ƙwace mini mata nan ya iso." In na matsa masa da tambayar yaƙi, amsarsa ɗaya ce: "Bama akwai ruwan sama, yaro." Har Allah Ya karɓi abinSa ban taɓa jin ya ƙara komai a kan haka ba.

Wata damina ce bangon ɗakin Gwaggo ya tsage, muka taru muna fitar mata da kaya. Gwaggo ita ce babbar 'yarsa, kuma ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. A ƙasan adakarta muka tarar da wani gwangwani mai tsatsa, cikinsa lambobi uku a naɗe da tsumma, da wani ɗan ƙyalle da ya koɗe, da ƙaramin littafi da gara ta ɗan taɓa. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta miƙo mini ta ce, "Ungo, kai ne ɗan boko. Ka karanto mana abin da Turawa suka rubuta a kan Baba, in ji da kunnena kafin in bi shi."

Na karɓa da murna, don a zatona aikin kwana biyu ne. Ashe na ɗauko wa kaina abin da zai hana ni barci.

Da lambobin na fara. Biyu taurari ne na tagulla masu tsini shida, ta ukun kuma zagayayyiya ce kamar tsohon kuɗi, da kan Sarki Joji na Shida a gaba, a baya zaki ya take wani dodo. Tauraro ɗaya na yaƙin 1939 zuwa 1945 ne baki ɗaya. Ɗayan, mai ƙyalle ja a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe, shi ne Tauraron Bama, wanda ake bai wa wanda ya yi aiki a fagen Bama tsakanin Disambar 1941 da Satumbar 1945. Na juya su gaba da baya ina neman sunansa, babu. Daga baya na gane haka Ingila ta raba irin waɗannan lambobi, ba suna ba lamba. Wadda ake sassaƙa wa suna a gefe ita ce ta jarumta, irin wadda aka ba Chari Maigumeri, mutumin da ya fara soja a hannun Jamusawa a Kamaru, Turawan Ingila suka kama shi a Garwa a 1915, ya koma wajensu ya yi suna har aka sa wa barikin Lakwaja sunansa. Irin su Maigumeri tarihinsu a rubuce yake. Na su Baba Soja kuwa sai an yi tono.

Abin da ya fara sanyaya mini jiki shi ne lambar da ban gani ba. Sojojin Nijeriya da suka yaƙi Italiyawa a Somaliya da Habasha a 1941 an ba su Tauraron Afirka, shi kuwa babu shi a gwangwanin. Na ce wataƙila ɓata ya yi. Sai na buɗe littafin, wato takardar sallama, na ga an ɗauke shi soja a 1943, an sallame shi a 1946. Ke nan an gama da Habasha da shekara biyu kafin ya sa kaki, zamanin Sarkin Daura Abdurrahman, lokacin da ake bi ta hannun hakimai da dagatai ana neman samari. Rabin labarinmu ya faɗi ke nan.

A littafin ba a rubuta sunan mahaifinsa ba, sunansa kawai aka sa aka liƙa masa Daura, kamar yadda aka yi wa dubban Hausawa, wannan Kano, wancan Katsina, wancan Sakkwato. Sai lambarsa mai farawa da NA, sai dangwalen babban yatsa. A wajen da ake rubuta rukunin soja kuma aka sa wasu gajerun kalmomi, "Aux. Gp.", waɗanda na kasa gane kansu.

Ƙyallen nan ne ya warware mini. Rundunoni biyu ne na Afirka ta Yamma suka je Bama. Ta 81 tambarinta gizo-gizo ne. Ta 82 kuma masu biyu ne a gicciye, sun ratsa ta cikin wani abu zagayayye da na ɗauka garkuwa ce. Mai karatu, gammo ne. Gammon da kowace yarinya mai talla ta sani. A dazukan Arakan, yankin da ake kira Rakhine yanzu a ƙasar Myanmar, babu hanyar mota, sai duwatsu da rafuka da kurmi. Don haka aka kafa rukunonin 'yan dako, sojoji ne da lamba da albashi, amma akasarinsu ba bindiga sai adda. Jirgin sama ya sako abinci da harsashi da lema, su tsinto su ɗora a ka. Su sare hanya, su share filin saukar ƙananan jirage, su ɗauko waɗanda aka jikkata. A bisa wuyansu rundunar ta isa Myohaung a Janairun 1945, ta gangara Dalet da Tamandu, sunayen da har yau suke kan barikokinmu na Ikko da Kaduna. Wannan shi ne "Aux. Gp.", kuma a nan kakana ya yi yaƙinsa.

Sai da na yi mako uku ina kewaye ƙofar Gwaggo. Ta yaya zan dubi tsohuwa in ce mata uban da take alfahari da shi ɗan dako ne? Har na shirya in ce takardar ta goge. Amma amana ta ba ni, ga shi kuma 'ya'yana sun fara yi wa yaran unguwa irin kurin da muka yi.

Ran nan bayan la'asar na durƙusa gabanta, na faɗa mata komai ina kallon tabarma. Ta yi shiru. Can sai na ji ta yi 'yar dariya.

"Yo kai sai yau ka sani? Wa ka taɓa ji ya ce Baba ya faɗa da bakinsa cewa ya harbi wani? Ƙannena ne suka ƙaga, don su tsorata abokansu, shi kuma bai tanka ba. Ni ce nake shafa masa man shanu a wuya duk sanyi. Tsakiyar kansa gashi bai sake fitowa ba har ya rasu."

Na ce, "To Gwaggo, me ya sa kika ce in karanto?"

Ta ce, "So nake in ji ko sun rubuta cewa ya ɗauko mutum a kafaɗarsa kwana biyu, wani ɗan Baure da aka harba a ciki. Ya rasu a hannunsa, shi ya haƙa masa kabari da adda. Da ya dawo sai da ya taka har garinsu ya gaya wa uwarsa. Sun rubuta?"

Na ce ba su rubuta ba. Abin da ke wurin kalma biyu ce kawai ta Turanci, ma'anarta halinsa na da kyau ƙwarai.

Ta gyaɗa kai ta ce, "To, wannan kam ba su yi ƙarya ba. Sauran kai ka rubuta."

Sai a lokacin na tuna wani abu da na sha gani ina yaro ban kula ba. Duk yarinyar da ta zo wucewa ta ƙofar gidanmu da tulu ko dammin itace, sai Baba Soja ya tsayar da ita, ya sa a sauke mata ta huta, ya karɓi gammonta ya warware ya sake naɗa mata shi da hannunsa.

Ga shi na rubuta, Gwaggo. Allah Ya jiƙan Baba Soja da abokinsa ɗan Baure, da duk waɗanda suka kwanta a Arakan, amin.