Ba a Sayen Ƙasa da Rani

Jiya bayan La'asar jikana ya miƙo mini waya, wai in ga gonar da abokinsa zai saya: faddan 300 a gindin duwatsun Gala'an Nahal. Na ce, ya taka wurin da ƙafarsa? Ya ce, "Haba Kaka, ai dillali ya turo bidiyo."

Tun da yaƙi ya ɓarke a nan Sudan a Afrilun 2023, balle da Madani ta faɗi a Disamba, Gadarif ta cika da baƙi, kuma duk wanda ya tsira da gwal ɗin matarsa so yake ya mai da shi gona. Ban ga laifinsu ba. Sun ga yadda ake kwashe mota da firiji, gona kuwa ba a ɗora ta a bayan akori-kura. Amma ba a sayen ƙasa da rani.

Mahaifina daga ƙasar Katsina ya taso a ƙafa da niyyar Makka. Guzuri ya ƙare masa a nan Gadambaliya, inda Turawa suka fara kawo tarakta wajen ƙarshen yaƙin Hitila don ciyar da sojojinsu. Yankan dawa ya yi har ya mallaki faddan 10, ya bar mini. Ni kuwa na raina. Hukumar noman inji da aka kafa a 1968 tana yanka wa attajirai da tsofaffin hafsoshi faddan 1,000, wani 1,500, ni ma na ce sai an kira ni mai mashru'u, wato mai babbar gonar inji. A 1978 na sayar da gadon ubana, na sayi wani kwari tsakanin duwatsu biyu wajen Doka. A watan Maris, jama'a! Lokacin da baƙar ƙasar nan ta tsage har ƙafa ke faɗawa, mai kyau da marar kyau duk kamarsu ɗaya.

Agusta ce ta nuna mini abin da na saya. Ruwan duwatsun nan biyu a tsakiyar gonata yake haɗuwa. Laka ta hana tarakta shiga, jaki ma ya ƙi. Gefen da bai nutse ba ƙuduji ya cinye dawar. Da kaka kuma sai ga garken makiyaya suna gangarowa daga Butana, ashe a kan burtali nake zaune. Wanda ya sayar mini ya sani. Tsofaffin ƙauyen ma sun sani, ni ne ban zauna na sha shayi da su ba.

Na kai ƙara da takardata mai dangwale, aka karanta mini dokar Shugaba Numeiri ta 1970: duk ƙasar da ba ta da rajista ta gwamnati ce. Don haka nake cewa ku nemi takarda ta gaske. Ko da yake, manoman Fashaga nawa ne suka riƙe takardunsu sama da shekara 20 suna kallon manoman Habasha na noma musu gona, sai da sojan Sudan ya shiga a ƙarshen 2020? Takarda ba ta tare harsashi, ba ta tare ruwa.

Yaran yanzu abin da suke tambaya, akwai sabis? Ba mai tambayar ina tafkin da lebura zai sha. Ba mai tambayar wa zai yanke riɗi, alhali in ya nuna kwanaki kaɗan yake ba ka kafin ya zube ƙasa. Sai sare itatuwan ƙaro, har ushirin da doka ta ce a bari. To, mu ma mun sare, kada in yi ƙarya.

Na ce wa jikana abokinsa ya jira Agusta, ya je ya tsaya cikin gonar ana ruwa. Ya ce kafin nan fam ya sake faɗuwa, kuɗin ba zai sayi rabinta ba. Na yi shiru, don ya fi ni gaskiya.

Faddan 10 ɗin mahaifina na nan a hanyar masallacin Juma'a. Bana ma wanda ke noma ta ya sami dawa.