Kunnen Bakanike da Lambar Na'ura

Masu son mota a Yamai jama'a ce da ba ta buƙatar ofis ko hatimi. Duk inda aka ɗaga murfin injin aka tokare shi da ƙarfe, nan ne majalisarsu. A fada guda za ka tarar da direban taksi, da ma'aikacin banki, da ɗan kasuwa mai kawo motoci daga tashar ruwa ta Lome, da wanda ko keke ba ya da shi amma ya haddace ƙirar Toyota tun daga Starlet har Land Cruiser. Shayi na tafasa, gardama na tafasa. Gardamar da ta fi kowace daɗewa a wurinsu ita ce ta kunne da na'ura: wa ya fi gane ciwon mota, tsohon bakanike mai saurare, ko yaro mai kwamfuta a hannu? Kwanan nan wata ta biyu ta shigo, ta motar lantarki da yadda za a yi mata caji. Ni a ganina gardamar ɗaya ce ta sake riga.

Aikina na rediyo ya sa na fara karkata wajen masu kunne. A shirin da muke buɗe layi ga masu saurare ranar Asabar, wani dattijon bakanike yakan zo ya zauna da ni, muna kiransa Baba. Mutane su buga waya su kwaikwayi kukan motarsu da baki, wani ya yi kas-kas-kas, wani ya yi wuuu kamar iskar hunturu, mu yi ta danne dariya a gaban makirfo. Baba ba ya dariya, kuma ba ya gaggawar amsa. Sai ya fara tambaya. «Alhaji, da safe take yi ko sai ta yi zafi? Idan ka murɗa sitiyari har ƙarshe, ƙarar na ƙaruwa? Idan ka taka birki, tana yin shiru?» Daga amsoshin nan yake raba hanya. Ƙarar da ke fitowa lokacin kwana, ya ce a duba kardan. Gurnanin da ke hawa da gudu, ya sauya idan an karkata hagu ko dama, boris ɗin taya ne. Tsuwwar da ke zuwa da sanyin safiya ta ɓace bayan minti biyu, bel ne ya saki. Da na daɗe ina zama kusa da shi sai na lura cewa kunnen ba shi ne rabin aikin ba ma. Tambayoyin ne aikin.

Ita kuwa na'urar, tarihinta ba mai nisa ba ne. Tun daga 1996 dokar Amurka ta tilasta wa duk ƙaramar motar da za a sayar a can ta zo da wata kafa mai haƙora 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari, inda za a jona na'ura a karanta abin da kwamfutar motar ta ajiye. Turai ta bi sahu, masu shan esansi daga 2001, masu gazuwal daga 2004. Dalilin farko shi ne sa ido a kan hayaƙin da mota ke fitarwa. Tunda kusan duk motocin da muke hawa na hannu ne daga waɗancan ƙasashen, sai muka gaji kafar tare da su. Yau ɗan ƙaramin abin da bai kai akwatin ashana biyu ba, a cusa shi a kafar, a haɗa da wayar salula, lamba ta fito.

A nan ake asarar kuɗi. Lambar ba ta faɗin abin da ya lalace. Inda motar ta ji ba daidai ba kaɗai take nunawa, kamar yaron da ya ce cikinsa na ciwo. Ɗauki P0171, wadda kanikawanmu suka saba gani. Ma'anarta iska ta fi mai yawa a abin da injin ke ƙonawa. To me ya kawo haka? Yana iya zama ƙurar hunturu ta lulluɓe sansar da ke auna iskar da ke shiga. Yana iya zama tiyon roba ya tsage saboda zafi, iska na kutsawa ta bayan fage. Yana iya zama famfon mai ya gaji, ko matatar mai ta toshe da dattin ruwa-ruwan da aka saya a kwalba bakin hanya. Sansar da ke jikin salansa ita ce ta kai rahoto, don haka ita ake fara kamawa da laifi, alhali sau da yawa gaskiya ta faɗa.

Wani abokinmu na fada ya sha wannan. Wutar gargaɗi ta kama a Corolla ɗinsa, aka jona na'ura a wani garaji, aka canza sansar salansa. Kwana uku wuta ta dawo. Aka canza famfon mai. Ta sake dawowa. Kuɗin da ya tanada na makarantar yara ya tafi a kan kaya biyu masu lafiya. A ƙarshe wani yaron garaji, wanda aikinsa miƙa sifana ne, ya ce: «Maigida, ina jin kamar wani abu na huci ta bayan nan.» Aka zura hannu, sai ga tiyo ya dare ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Masu kunne a fada suka yi ta shewa, wai sun ci gardama. Ban yarda sun ci ba. Na'urar nan da aka jona tana nuna, a wani shafin da ba a buɗe ba, yawan man da kwamfutar ke ƙarawa don ta cike giɓi. Idan adadin ya yi sama sa'ad da injin ke tsaye yana aiki, ya sauko da aka ba shi wuta, alamar ɓarakar iska ce. Amsar na nan zaune, babu wanda ya tambaye ta.

Akwai kuma masu amfani da na'urar don rufe ido. Dillali yana iya share lambobi da safe ya sayar da mota da rana, wutar ba za ta dawo ba sai an yi 'yar tafiya. Wasu ma kwan fitilar suke cirewa gaba ɗaya. Gwajin wannan ba ya cin ko dala: murɗa makulli ba tare da ka tada injin ba, duk fitilun gargaɗi ya kamata su kama. Wadda ba ta kama ba, ka tambayi dalili. Lambar P0420 kuwa sau da yawa labarin sata take bayarwa. Cikin salansa akwai wata matatar hayaƙi mai kama da saƙar zuma, wadda kanikawan Najeriya suka laƙaba wa suna indomi, kuma tana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinom. Ana fasa ta a kwashe tun kafin mota ta iso hannun mai ita.

Da motoci masu haɗa mai da lantarki suka fara yawa, irin su Prius da Toyota ta fitar a Japan a 1997, sai kunne ya fara rasa abin kamawa. Lambar da masu su ke tsoro ita ce P0A80, wadda ke cewa a canza babban batir. Amma batirin Prius na ƙira ta biyu da ta uku sassa 28 ne aka jera, kuma ba duka suke mutuwa tare ba. Yana da fanka mai jawo iska daga cikin mota, ta gefen kujerar baya, don ta sanyaya shi. A garin da ƙura ke shiga har cikin tukunyar miya, fankar nan kan toshe, batir ya dahu a hankali. Wanda ya share ta lokaci-lokaci ya tsawaita wa batirinsa kwana.

Motar lantarki zalla kuwa ta kashe bakin masu kunne. Ba buji, ba baƙin mai, ba salansa, ba kuloci. Baba ya taɓa cewa a shirinmu, mota marar kuka kamar majinyacin da ba ya magana ce. Shi ya sa gardamar ta koma kan caji, kuma a nan na fi jin maganganun da ba a auna ba, daga ɓangarorin biyu. Masu zuga ta suna cewa rana kyauta ce a Nijar. Masu kushe ta suna cewa da wane kuran?

Lissafin ba shi da wuya. Soket ɗin gida mai bolt 220, idan aka ja amfiya 10, yana ba da kilowat-awa biyu da ɗan kai a awa. Batirin Nissan Leaf na 2018 kilowat-awa 40 ne. Cika shi daga ƙasa ta soket ɗin ɗaki zai ci kusan awa ashirin. Akwatin caji na bango mai kilowat 7 ya rage shi zuwa awa shida ko bakwai. Tashar caji mai sauri ta kilowat 50 takan kai shi kashi 80 cikin ɗari a ƙasa da awa ɗaya. Masu kushe suna tsayawa a kan awa ashirin ɗin. Amma wa ke ƙarar da batir kullum? Ƙaramar motar lantarki na cin kilowat-awa 15 zuwa 18 a kilomita 100. Ma'aikacin da ke zuwa ofis daga Harobanda, ya ɗauko yara, ya biya kasuwa, ko da ya yi kilomita 40, abin da zai mayar bai wuce kilowat-awa bakwai da ɗan kai ba. Awa uku da 'yan mintuna ke nan a soket. Ko an ɗauke wuta rabin dare, ya samu.

Masu zugawa su ma sai su saurara. Daga Yamai zuwa Maraɗi ya haura kilomita 600, batirin nan ba zai kai rabin hanya ba, ga na'urar sanyaya ciki na cin nata rabon. Kuma ba mu manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke layin wutar da ke ba mu mafi yawan abin da muke sha a wancan lokacin, unguwanni suka kwana cikin duhu da zufa. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta rage zafin abin, madatsar Kandaji kuwa har yanzu jiranta ake. Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan mai a 2024, amma ita tana da babbar madatsa a kan kogin Nilu da ta jingina da ita. Mu muna da matatar mai a Damagaram tun 2011. Lissafin ƙasa da ƙasa ba ɗaya ba ne. Wanda zai yi caji da janareta mai shan esansi kuwa, ban san abin da ya gudar wa ba.

Sai bakin caji, wanda ba a cika tuna shi ba sai mota ta iso. Leaf ta Japan nata daban, CHAdeMO. Motocin Turai CCS. Na Sin, irin su BYD da aka ƙera don kasuwar cikin gida, GB/T. Mu kuwa da muke sayo mota daga ko'ina, duk ukun za su haɗu a gari ɗaya. Sai zafi. Batirin Leaf na ƙira ta farko da ta biyu ba shi da ruwan sanyaya, kuma tun 2012 masu ita a Arizona ta Amurka suka yi kukan cewa zafi na rage masa ƙarfi da wuri. Watan Afrilu a Yamai ma'auni na wuce 40 kusan kullum. Mai sayen ta hannu, kafin ya duba fenti, ya sa a jona na'ura a karanta masa kashi nawa ya rage na lafiyar batir. A wannan wurin kam kunnen Baba ba shi da ta cewa.

Labarin da ya fi tsaya mini shi ne na wata hajiya da ta bugo mana. Ɗanta ya aiko mata ƙaramar motar lantarki daga Faransa. Sati biyu tana ɗaukar caji lafiya, da damina ta wuce sai ta fara ƙi. An kai ta garaji biyu, an jona na'ura, an ce mata cajar cikin motar ce ta mutu, a yi odar wata. Baba ya ce: «Hajiya, kin taɓa gwada ta a wani gida?» Ta ce a gidan ƙanenta tana ɗauka. Ya ce to a bar motar, a kira mai gyaran wutar gida. Wasu motocin ba sa yarda su ja wuta sai sun tabbatar wayar ƙasa ta gidan na aiki, don kada wuta ta bi jikin ƙarfe ta kama mutum. Sandar da ake kafawa a ƙasa tana aiki sosai idan akwai danshi. Rairayinmu da ya bushe, sai ta zama kamar babu. Gidaje da yawa ma ba a kafa ta ba tun farko. Hajiya ta sake bugowa bayan sati ta ce an zurfafa sanda, mota na shan wuta. Haka nan motar lantarki na da ɗan batir mai bolt 12 irin na kowace mota, kuma idan ya mutu ba za ta ko motsa ba, alhali babban batirin cike yake. Mutum nawa za a sayar wa abin miliyoyi a kan wannan?

Abin da ke damuna yanzu yaran garaji ne. Yawancinsu da hannu suka koya, ta taɓawa da sunsunawa da ɗanɗana tartsatsin buji, abin da a mota mai mai iyakarsa ka yi tsalle a yi maka dariya. Wayoyin nan masu launin lemo da ke cikin motar lantarki da ta Prius suna ɗauke da ɗaruruwan bolt, a Leaf wajen 350 ko fiye. Akwai makullin da ake zarewa kafin a taɓa komai, akwai mintunan da ake jira wuta ta sauka, akwai safar hannu ta roba mai jure bolt 1,000. Bayanin duk yana rubuce da Turanci ko Faransanci. A garajin da nake kai tawa motar, yara tara ne, biyu ke iya karatu, kuma ranar da na tambayi maigidansu ko yana da irin safar, sai ya nuna mini ta wanke-wanke rataye a jikin ƙusa.