Kilomita 249 da kekan Kawu

Ranar Lahadi 27 ga Maris 2022 ina Talata Mafara, zaune a ƙofar gidan kawuna, ina kallon tseren keke na Gent-Wevelgem a waya. Kawu ya leƙo ya tambaye ni abin da ya ɗauke mini hankali haka. Na ce wani yaron Eritiriya ne, Biniam Girmay, yake neman kayar da Turawa a ƙasar Beljiyam.

Tsere ne na yini ɗaya, kuma nan bambancinsa yake da irin su Tour de France da ake mako uku ana yi. Wanda ya yi kuskure ba shi da gobe da zai gyara. Tazarar ta kusa kilomita 249, ta fi nisan Sakkwato zuwa Gusau, ga tudun Kemmelberg mai daɓen duwatsu da aka hau sau uku. Bayan hawa na ƙarshe mutum huɗu suka ɓalle daga ayari: Girmay, da Christophe Laporte na Faransa, da 'yan Beljiyam biyu, Dries Van Gestel da Jasper Stuyven.

Wannan gaɓar ta fi komai jan hankalina. Iska ce babbar abokiyar gabar mai keke, wanda ya laɓe a bayan wani kuwa yana tanadin ƙarfi sosai. Saboda haka dole huɗun nan su riƙa karɓeɓeniyar gaba, kowa ya sha iska na ɗan lokaci ya koma baya, in ba haka ba ayarin ya cim masu. Amma kowannensu ya san cewa abokin da yake karewa yanzu shi zai yi ƙoƙarin wuce shi nan da 'yan mintoci. Girmay ya yi kasada, ya taso tun saura kimanin mita 250, nesa ƙwarai ga ƙafar da ta shafe sama da awa biyar da rabi tana murzawa. Laporte ya biyo shi bai kamo shi ba, Van Gestel ya zo na uku. Yana da shekara 21, ya zama baƙar fatan Afirka na farko da ya ci irin wannan babban tsere.

Kawu bai yi mamaki ba. Ya ce, "Ɗana, ba kaya a bayansa fa." Shi shekaru ya yi yana ɗauko buhun albasa daga Bakura zuwa kasuwar Talata a kan Raleigh, ya koma a yinin. Ya yi gaskiya, ƙafa ba ta yi mana ƙaranci ba. Eritiriya ta gaji tseren keke daga Italiyawa. Mu Italiyawan kamfanin Impresit madatsar Bakolori suka gina mana, manoman rani suka cika hanyoyinta da kekuna.

Sai dai tseren yini ɗaya yana buƙatar abin da ya fi ƙafa tsada: hanyar da za a rufe tun safe, mutanen ƙauyuka su jeru a gefenta da 'ya'yansu ba fargaba. Na tambayi Kawu ko za a iya zagaye Mafara, Bakura da Maradun a haka. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce rabon da ya doshi Maradun a keke tun kafin 'yan bindiga su fara tare hanya. Kekan na nan a zaure, tayoyinsa sun sace.