Ziyarar Zangon Kumasi Bayan Shekara Hamsin

A cikin watan Disamba na 2019 wani malamin makaranta, mutumin Fagge ta Kano, ya tafi hutu ƙasar Ghana tare da maiɗakinsa. Suka yi mako guda a Ankara, babban birnin ƙasar, suka ziyarci kabarin Kwame Nkrumah, suka zaga unguwar Nima inda ake ciniki da Hausa. Daga nan suka bi gaɓar teku zuwa Elmina, suka duba ginin da Turawan Fotugal suka yi a 1482, wanda daga baya ya zama matattarar bayi. Da ya rage kwana uku su koma gida, sai malamin ya ce saura wuri guda, watau Kumasi, inda aka binne cibiyarsa.

Goro ne ya kai Hausawa wannan ƙasa. Tun zamanin da fatake ke kora jakuna daga Kano zuwa Gwanja, su sari goro a kasuwar Salaga. Yaƙin basasar da aka yi a Salaga a 1892 ya watsa kasuwar, 'yan kasuwa suka bazu. Bayan da Ingilishi suka mallake ƙasar Tonawa sai Zangon Kumasi ya cika ya batse. Mahaifin malamin yana cikin waɗanda suka je daga baya, sana'arsa ɗaurin huhun goro ana aikawa Nijeriya.

Ana nan sai ran 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Dokta Busia ta kafa doka cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Dubban 'yan Nijeriya suka karyar da kayansu, suka hau manyan motoci. Malamin yana ɗan shekara 7 a lokacin. Mahaifinsa ya bar wa amininsa, wani haifaffen Zango, ajiyar adaka guda, ya ce in ƙura ta lafa zai dawo. Suka riƙa aike ta hannun direbobin goro, har 1983 da Nijeriya ita ma ta kori baƙi, akasarinsu 'yan Ghana. Tun daga nan labari ya yanke, mahaifin kuwa ya rasu bai koma ba.

Daga Ankara zuwa Kumasi tafiyar mil 150 ce da 'yan kai, hanya tana ratsa kurmi da gonakin koko. Suka sauka kusa da kasuwar Kejetia, suka nemi motar Aboabo. Malamin ba shi da lambar gida, ba shi da lambar waya, sai sunan mutumin da laƙabinsa kurum, kuma bai san ko yana da rai ba. Saboda haka ya yi abin da baƙo kan yi a kowane zango: ya tsaya sallar la'asar a masallacin unguwa, ya yi cigiya. Ladan ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya haɗa shi da wani yaro.

Suka tarad da dattijon a zaure, ya haura shekara 80, idonsa ya yi rauni. Malamin ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi sunan mahaifinsa. Tsohon ya lalubo hannunsa ya riƙe, ya ce, "Kai ne ɗan nan mai tsoron ruwan sama? Ina abokina?"

Malamin ya ce, "Baba, Allah ya yi masa rasuwa, shekara talatin ke nan."

Dattijon ya yi salati, ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya sa aka kira uwargidansa, wadda ta goyi malamin yana jariri. Ta fito tana kuka tana dariya, ta ja maiɗakinsa zuwa cikin gida. Hausarsu irin ta can ce, mace ma "ya zo" ake ce mata, amma ba wanda ya nemi tafinta. Aka kawo tuwon zafi da miyar ayoyo, maƙwabta suka cika zaure.

Bayan sallar isha'i aka jawo adakar daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai Alƙur'ani rubutun hannu cikin gafakarsa, da allon malamin na yarinta, da littafin bashi da ajami. An soke kowane suna a littafin, gama dattijon ya bi masu bashin ɗaya ɗaya ya karɓa, ya aika Kano tun kafin hanya ta toshe. Ya ce, "Ɗana, ga amanar ubanka. Yau zan yi barci."

Kashegari jikokin gidan suka rubuta lambobin waya, suka raka baƙin tasha da ƙwaryar goro. Dattijon bai iya fitowa ba, daga zaure ya sa musu albarka.

Jama'a, gine-ginen tarihi suna nan, ko baɗi aka je za a same su. Amma tsofaffin da suka san iyayenmu a Kumasi, da Ankara, da Tamale, kullum raguwa suke yi. Wanda duk Allah ya hore wa tafiya, ya ware kwana ɗaya ya neme su. Zumunci dai a ƙafa yake.